Jan Biron Sista A-Rubuce

Duk faɗin asibitinmu babu mai kiranta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Daga masu gadi har Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, Sista A-Rubuce ake cewa. Ko ƙwayar ciwon kai likita ya ce ta ba majinyaci, sai ta miƙo masa katin magani da biro ta ce, "A rubuce, Likita." Ya yi tsaki, ya yi faɗa, ya ce zai kai ƙararta, ko gezau. Hannun nan zai tsaya a miƙe har sai ya karɓa ya rubuta.

Na san inda sunan ya samo asali, domin ina wurin. Kuma tun yanzu gara in faɗa muku, ni ba mutuniyar kirki ba ce a labarin nan.

Tare muka yi makarantar koyon jinya, ita a gadon sama, ni a na ƙasa. 'Yar kafinta ce, ta fari a gidansu, ƙanne shida na bin bayanta. Wanda ya san ta yanzu ba zai yarda ba, amma ita ce sarauniyar dariyar ajinmu. In ta kwaikwayi tafiyar malaminmu na ilimin magunguna, sai mun riƙe ciki. Ga kai kuma. Ta san wanda ake sha bayan abinci, da wanda ke taɓa ƙoda, da waɗanda ba sa zama lafiya a jiki ɗaya. Ni kuwa ranar jarrabawa kaɗai nake tuna akwai littafi, ita ke jana. Da muka gama aka tura mu ɗakin masu jego, mu biyu.

Wata takwas da fara aikinmu, ranar wata Talata wajen sha ɗayan safe, zazzaɓi ya rufe matar wani tela a gado na huɗu, kwana biyu da haihuwar 'yarta ta fari. Likitan ɗakinmu a lokacin matashi ne, a bayan idonsa Guguwa muke ce masa, don bai taɓa cika minti biyu a gefen gado ba. Ya leƙo, ya taɓa goshinta, ya ce a yi mata allurar fenisilin.

Ƙawata ta ce, "Likita, ta ce min an taɓa yi mata irinta, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, har numfashi ya so ya gagare ta."

Ya ce, "Duk haka suke cewa don tsoron allura. Yi mata kawai, ana jirana a tiyata. In na dawo zan rubuta."

Ina bayan labule a gado na biyar ina canza zanin gado. Babu kalmar da ta wuce ni.

Ta tsaya da sirinji a hannu tana kallon ƙofar da ya bi. Shekararta ashirin da huɗu, likita ya ba da umarni, kuma a zamanin nan nas ba ta musu da likita. Ta yi allurar. Ba a cika minti biyar ba leɓɓan matar suka kumbura, ta kama wuyanta tana neman iska. Muka yi ta gudu, aka kawo allurar ceto, aka danna ƙirji, aka kira wannan aka kira wancan. Kafin azahar an ja mata zani. Jaririyar tana gefe tana barcinta.

Guguwa ya dawo daga tiyata ya ɗauki katin, ya ga layin magani fari fat, babu rubutunsa. Wallahi na ga lokacin da dabarar ta zo masa, na ga fuskarsa ta saki. A gaban kwamitin bincike cewa ya yi, "Ni ban ba da wani umarni ba. Ga kati nan, ku duba." Suka duba, ba su ga komai ba. Suka tambaya ko akwai wanda ke kusa. Aka kira ni, na ce na tafi kai zannuwa ɗakin wanki.

Na daɗe ina ƙawata wa kaina dalili. Takardar tabbatar da ni a aiki tana jiran sa hannunsa, mahaifiyata tana kwance, da sauransu. Tsoro ne kawai, babu wani abu.

Aka dakatar da lasisinta shekara biyu, aka saka takarda a fayil ɗinta cewa ta ba da magani ba da umarnin likita ba har aka rasa rai. Saurayinta da ke zuwa zance da mota ya ɓace ko sallama babu. Da ta dawo aka jefa ta ɗakin dafa kayan aiki, shekara shida tana wanke almakashi a cikin tururi. Dariyar nan kuwa tun ranar Talatar ban sake jin ta ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne hanya. Shagon telan nan yana tsakanin inda mota ke sauke mu da ƙofar asibiti. Kullum safe in ya hango ta, sai ya tsayar da keken ɗinki, ya tofar da yawu a gabanta. Da yarinyar ta fara wayo, sai ya riƙa nuna mata ita da baki. Yarinya ta tashi da sanin cewa ga wadda ta kashe uwarta nan tana wucewa da farin kaya. Akwai wata hanya ta baya, ko minti uku ba ta ƙara ba. Ta ƙi bi.

Wata rana na gaji na ce, "Ke don Allah, wahalar me kike nema? Mu bi ta baya mana."

Ta ce, "Hannuna ne ya tura allurar. Na sani, kuma na yi. Rabin yawun nan nawa ne, zan karɓa. Ɗaya rabin na wani ne, ajiye masa nake yi."

Haka take maganar, ba ɗaga murya, kamar tana karanta awon zafin jiki. Ni da nake da guntun kashi a gindi sai na bi bayanta muka wuce ta gaban shagon.

Da aka mayar da ita ɗakin masu jego, wata mata ce daban ta dawo. Kwalbar magani sau uku take karanta ta: in ta ɗauko daga kabad, in za ta zuƙa a sirinji, da in za ta mayar. Ba ta cewa majinyaciya, "Ke ce wance?" don mai ciwo ko sunan kaza ka kira za ta ce e. Cewa take, "Faɗa min sunanki da bakinki." Sai ta tambaya ko akwai maganin da jikinta ba ya so, in akwai ta zaro jan biro daga aljihun ƙirji ta rubuta a saman kati da manyan baƙaƙe, wanda ko daga bakin ƙofa za ka karanta. Ta duba ranar lalacewa, ta duba awo, ta duba lokaci. In likita ya yi rubutun kaji, ta bi shi har inda yake cin abinci ya sake. Duk shekara sai ta sayi sabon littafin magunguna, ta bi shi shafi-shafi a lokacin hutun rana, muna hira tana ja masa layi.

A gida ma ba su tsira ba. Ta auri wani malamin makaranta, mutum mai sanyin hali, suka haifi uku. Shi ke ba mu dariya yana cewa ko kansa ke ciwo sai ya kawo takarda kafin a buɗe masa akwatin magani. Surukarta ta taɓa zuwa da leda cike da ragowar ƙwayoyi na shekara da shekaru, tana rabawa jikoki in sun yi tari. A-Rubuce ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ki yafe ni," ta ɗauke ledar. Wata biyu tsohuwa ba ta amsa gaisuwarta ba.

Ni kuma muna nan tare. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana biyu. Ta ci a gidana, na ci a nata. Ban taɓa ɗaga maganar labule ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, har na sakankance ba ta san ina wurin ba.

Guguwa kuwa sama ya yi ta yi. Ya ƙara karatu, ya yi tumbi, ya yi furfura, ya zama shugaban asibitin gaba ɗaya. In sun haɗu a baranda sai ya ce, "Sista, ya aiki?" Ta ce, "Da godiya, Likita." Ba ɓoye kunya yake yi ba, mantawa ya yi, wallahi ya manta sarai. Wannan shi ya fi ƙona mata rai. Ta taɓa ce min, "Da ya riƙa kauce min a hanya, da na ce abin yana cin sa. Amma mutumin nan barci yake har da munshari."

Shekara goma sha tara ana haka. Sai aka kwantar da 'yar Guguwa a ɗakinmu, ita kaɗai ce gare shi. Ta haihu lafiya, amma jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa, likitan ɗakin ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini. Gwajin safiyar ranar ya nuna jinin ya tsinke fiye da yadda ake so, ga jinin biƙi bai ja baya ba, ga tsohon gyambon ciki da ta faɗa wa A-Rubuce da bakinta. Duk suna shafin farko na katin, da jan biro.

Uban yana wani taro a wani gari, bai san komai a kai ba. Da rana tsaka ya faɗo ɗakin daga hanya, Metiron da ƙananan likitoci uku suna bin bayansa. Yarinyar tana ganinsa ta fashe da kuka, "Baba, ƙafar nan za ta kashe ni."

Ko katin bai kalla ba. Ya juyo ya ce, "Sista, yi mata allurar dikilofenak yanzu-yanzu. Zan rubuta daga baya."

Ina riƙe da keken magani. Ko ɗalibar shekarar farko ta san wannan maganin ciwon ba ya haɗuwa da na tsinka jini, balle ga gyambo, balle a caka allura a naman mai jinin da ba ya tsayawa. Na kalli A-Rubuce. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta buɗe katin daidai shafin da ake rubuta magani, ta miƙa masa da biro.

"A rubuce, Likita."

"'Yata ce fa! Ni za ki tsayar?"

"A rubuce, ranka ya daɗe."

Ya fizge ya rubuta. Shafin farko yana ƙarƙashin yatsansa, juyawa ɗaya ya rage, bai juya ba. Ta ce, "Sa hannu." Ya sa. Ta ce, "Lokaci fa?" Ya kalli agogo ya rubuta yana huci.

Ta karɓa ta tsaya, hannunta ɗaya a kan aljihun keken da ake ajiye allurai. Allah ya yafe min, a wannan daƙiƙar na ɗauka yi za ta yi. Kuma akwai wani abu a zuciyata da ya ce, a yi, shi ma ya ɗanɗana. Ga rubutunsa, ga sa hannunsa, ga shaidu biyar. Ta kalli jaririn da ke barci a gefen gadon, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ɗauke hannu daga aljihun, ta zaro jan biro, ta rubuta a gefen rubutunsa tana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ba a bayar ba. Majinyaciya tana kan maganin tsinka jini. Gwajin yau ya wuce ƙima. Tana zubar da jini. Tana da gyambon ciki. An sanar da likitan da ya rubuta."

Ta juya katin ta nuna masa shafin farko. Ƙananan likitocin suka kama kallon takalmansu. Ya karanta, ya sake karantawa, gumi ya keto masa. Ita kuwa ta sa aka kira likitan ɗakin, ya rubuta wanda ya dace ta ruwan jijiya, ta karanta kwalbar sau uku, ta ce wa yarinyar, "Faɗa min sunanki da bakinki, 'yata," ta ɗaura mata. Kafin la'asar yarinya ta yi barci.

Akwai doka a asibitin, kuma shi da kansa ya kafa ta yana ta jawabi: duk kuskuren maganin da aka tare kafin ya kai ga majinyaci, a cika takarda a kai kwamitin magunguna tare da kwafin kati. Kafin mu tashi aiki ta cika tata.

Washegari ya aiko kiranta. Ta ce min, "Zo ki raka ni. Ba na shiga ofis ba shaida." Maganar ta soke ni, amma na bi ta.

Ya ba mu kujera, ya yi godiya. Ya ce ta ceci 'yarsa, ba zai manta ba. Sannan ya gangaro inda za shi: batun rahoto, ai abin cikin gida ne, a bar shi a nan. Ƙarin girma take so? Canjin ɗaki? Ta faɗi kawai.

Ta ce, "Gado na huɗu. Ranar Talata. Matar tela. Na ce maka jikinta ba ya son fenisilin, ka ce duk haka suke cewa, ka ce in ka dawo za ka rubuta. Har yau ina jira, Likita."

Ya yi ta kallonta. Sai da ya lalubo abin a kansa, ina ganin yadda yake lalube, na ji kamar in kwaɗa masa fayil.

Ya ce, "Sista, an daɗe fa."

"Shekara goma sha tara da wata biyar. 'Yarka tana can tana shayar da ɗanta. 'Yar tela kwana biyu ta samu."

Ta ɗora farar takarda a gabansa, ta ɗora biro. Ya daɗe yana kallon takardar, ya kalli ƙofa, ya kalle ni, sannan ya rubuta. Ta karɓa ta duba ta mayar masa. "Ba ya karantuwa. Sake." Shugaban asibiti guda ya sunkuya ya sake, baƙi-baƙi kamar ɗan aji uku, cewa shi ya ba da umarnin da baki, an gargaɗe shi bai ji ba, kuma ya yi wa kwamiti ƙarya. Ta ce kwanan wata, ya sa. Ta ce sa hannu, ya sa. Ta ninke ta saka a aljihun ƙirji, bayan jan biron.

Ya ce, "To, rahoton fa?"

"Tun jiya yana hannun kwamiti."

Ya miƙe tsaye. "Amma ai mun yi da ke..."

Ta ce, "Kana da shi a rubuce?"

Kai! Da muka fito baranda sai da na jingina da bango don dariya. Na ce, "Shegiya, kin gama da shi! Yau ko ruwa na sha sai ya yi min zaƙi." Ba ta yi dariya ba. Ta ce in mun tashi in raka ta wani wuri.

Shagon tela muka je. Ya tsufa, gilashi a karan hanci, 'yar tana kan keke na biyu tana ɗinka hannun riga. Yana ganinmu ya tsayar da keke ya tara yawu. A-Rubuce ta yi sallama ta miƙa wa yarinyar takardar ta ce, "Karanta wa babanki." Ta karanta, tun muryarta na tsaye har ta fara karyewa.

A-Rubuce ta ce, "Malam, ban zo wanke kaina ba. Hannuna ne ya yi allurar, kuma na san bai kamata ba. Na kawo maka sunan wanda ya rage ne, don ka san inda za ka raba fushinka."

Tsohon ya cire gilashi ya goge ido da gefen riga. Can ya ce, "To duk ɗakin nan babu wanda ya ji? Mutum ɗaya da zai buɗe baki a lokacin?"

Ta ce, "Akwai. Na ga takalminta ta ƙarƙashin labule. Fari ne, an ɗinke gefensa da baƙin zare. Ni na ɗinke mata shi."

Sai ta juyo ta kalle ni. Na dafa teburin yankan yadi. Shekara goma sha tara! Ta karɓi 'ya'yana a hannunta, ta ci abincina, ta zauna da ni ranar rasuwar mahaifiyata, kuma duk tsawon nan ta sani. Ta zaro jan biron ta miƙo min, hannun a miƙe yadda take yi wa likitoci.

"Saura ke. A rubuce."

A kan teburin tela na rubuta, a bayan takardar awon riga, yarinyar tana tsaye a kaina tana bin kowane layi. Na sa kwanan wata, na sa hannu, ba sai an ce min ba.

Takardun biyu sun je kwamiti. An cire waccan tsohuwar takardar laifin daga fayil ɗinta. Guguwa ya ajiye aiki kafin ƙarshen wata, aka ce don rashin lafiya. Tela ya daina tofar da yawu, ko da yake ban ji ya gaishe ta ba tukuna, amma 'yar tana ɗaga mata hannu in ta wuce.

Ni kuma muna nan ɗaki ɗaya, keken magani ɗaya. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga maganar ba, da ma ta yi. Da safe in mun haɗu a bakin kabad nakan ce, "'Yar'uwa, ya aiki?" Sai ta ce, "Da godiya, Sista," da muryar nan da ta shekara goma sha tara tana amsa wa Guguwa da ita.